Daminar da Awaki Suka Zama Ruwan Sama

Ni na yi kuskuren, ba Madam Ramatu ba. Gara in faɗi wannan tun a layin farko, domin na shafe shekara goma da ɗoriya ina kewaya maganar kamar mai kewaya karangiya ba takalmi. Sunan da mutanen Dakoro suka laƙaba mata, suke kiranta da shi har cikin kasuwa, nawa ne. Ni ya kamata in ɗauke shi, na bar mata.

Ruwan farko na bana ne ya tono mini zancen. Ya sauko da la'asar, iska na gabansa, ƙasa ta tashi da ƙamshin nan mai sa tsoho ya ji kamar ya saɓi sungumi ya ruga. Washegari kowa ya fita shuka. Gero ya tsiro kore shar, sai sama ta ɗauke. Kwana bakwai, kwana tara, kwana goma sha biyu. Na je gonata ta bayan gari na tarar ganyen ya fara naɗewa kamar tsinke. Na tsuguna na tona da yatsa in ji inda danshi ya tsaya. A nan tsugune waccan daminar ta dawo mini duka, har da ɗanɗanon ƙishirwarta.

A waccan shekarar azumi ya faɗo daidai kan shuka. Wanda bai yi azumin farkon damina ba, bai san abin da ake kira rana ba. Zafin ba irin na bazara ba ne mai bushewa. Wannan mai nauyi ne, yana manne wa mutum a wuya. Tun da hantsi kwanon rufi ke fara ƙara. Kafin azahar miyau ya ƙafe, mutane na jiƙa rawani su ɗora a ka, jakuna ma sun daina kuka. Kowa ka gamu da shi, gaisuwar ɗaya ce: ya ibada, ya jiran ruwa.

A gidana rumbu ya yi ƙasa, har sai mutum ya shiga da ƙafa biyu kafin ya taɓa dami. Matata Zuwaira ta iya ja da abinci. Tiyar geron da muka saba cinyewa a yini, sai ta sa ta kai yini biyu. Da hantsi ta yi surfe, ta raba uku: na kunun tsamiya, na tuwo, na furar sahur. Bayan la'asar ta fita bayan gida ta tsinko zogale, ta dafa, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da ɗan albasa. Randa kuwa tun safe take lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu don ruwan buɗa-baki ya yi sanyi. Abu ɗaya ne ba ta taɓawa komai tsanani: zangarniyar iri da ta zaɓa tun kaka, ta ɗaure ta rataye a rufin ɗaki. Ko kallonta ka cika yi sai ta ce, “Malam, sauke idonka, wannan na ƙasa ne.”

Ni ba mai zurfin karatu ba ne. Na gama lakkwal ɗin firamare, na yi shekara biyu a gaba, na dawo gida. Amma Allah ya ba ni rubutu mai kyau, shi ya sa aka ɗauke ni a wani ƙaramin biro, wato ofis, mai kula da manoma da makiyaya. Aikina rajista. A kowane gari muna da mutum ɗaya da muka ba ma'aunin ruwan sama, wata ƴar gora mai zane-zane da ake kafawa a fili. Duk kwana goma sai ya aiko da abu uku: ruwan da ya sauka, gonakin da aka shuka, da dabbobin da ya ƙirga a bakin rijiyar gari. Ni kuma in shigar. Shekara ashirin ina wannan, ba a taɓa kama ni da kuskure ba, kuma ban bar kowa ya manta da haka ba.

Sai aka kawo mana ordinatar, wato kwamfuta, aka turo Madam Ramatu tare da ita. Bazabarma ce, ƙanwar bayana da nisa, mai saurin hannu da saurin baki. Ni kuwa Bagobiri ne, da zanena a fuska. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, don haka tun ranar farko muka ɗora.

“Ina kwana mai cin kopto,” in ce da ita, wato kwaɗon ganyen da aka san su da shi.

“Lafiya lau, Malam Mamman. Yau ma kaza ce ta yi tsere a kumatunka?”

Haka muke, biro ya cika da dariya. Amma a ƙasan raina akwai abin da ba wasa ba. Na ga abin da nake yi a yini uku tana gamawa kafin shayi ya tafasa, kuma bai yi mini daɗi ba.

Daminar ta fara da yaudara. Garuruwan arewa, hanyar Tagriss, da yawa sun yi binne, wato sun zuba iri a busasshiyar ƙasa suna jiran ruwa ya tarar da shi. Aka yi ɗan yayyafi da ya isa ya tsirar da gero bai isa ya raya shi ba. Sai sama ta kulle. Shuka ta ƙone a ramukanta, irin mutane ya tafi. Biron namu na da ƴan buhunan irin gero mai saurin nuna, ba su isa kowa ba. Shef ɗinmu, wato shugaban biron, mutum mai son aiki da takarda, ya ce a fitar masa da taswira daga ordinatar: inda ruwa ya yi ta yi shuɗi, inda bai yi ba ta yi ja. Garuruwan ja su za a kai wa iri. Kuma lokaci ya ƙure, don kowane manomi ya san in shuka ta wuce kwanakinta, gero zai yi kai ne bayan ruwa ya ɗauke.

A nan sai na bayyana yadda abin yake, yadda ni ma na fahimce shi daga baya. Tablon da ke cikin ordinatar kamar rajistata yake. Kowane gari da layinsa ɗaya a kwance, sannan kolon-kolon, wato layuka a tsaye. Uku na ruwan sama: goman farko, goma ta biyu, goma ta uku ta wata. Uku na gonakin da aka shuka. Uku na dabbobin rijiya. Tara ke nan. Idon mutum yana son haka, da kallo ɗaya ka ga gari daga farko har ƙarshe. Amma manhajar da ke zana rahoto ba ta son haka. Ita so take kowane gari ya samu layi uku, kowace goma da nata, ruwa a kolon ɗaya, gonaki a ɗaya, dabbobi a ɗaya. Sai an juya tablon, abin da ke tsaye ya kwanta, kafin ta yarda ta zana komai.

Ana cikin haka aka kira Madam Ramatu Maradi, taron kwana uku. Kafin ta shiga mota ta jawo kujera kusa da ni.

“Malam Mamman, saurara, wannan ba wasa ba ne. Ɗauki ukun ruwa ka juya su kaɗai, ka sa musu suna. Ɗauki ukun gonaki ka yi haka. Sannan na dabbobi. In ka gama ka haɗa su da sunan gari da goma. In kuma ka nace sai ka juya taran gaba ɗaya, za ta ba ka kolon biyu, ɗaya na suna, ɗaya na lamba. Kada ka taɓa na sunan. Shi ne ke gaya mata wanne ne ruwa, wanne ne akuya.”

Na ce, “Yau Bazabarma ce za ta koya wa Bagobiri ƙirga? Lokacin da na buɗe rajistar nan ke kina goye a bayan innarki.”

Ta ce, “Ai kai kanka tablo ne. Kolon ɗin fuskarka sun fi tara, ban san wa zai juya su ba.”

Duk da haka ta zauna ta rubuta mini matakan ɗaya bayan ɗaya a takarda. Motarta na fita, na linke takardar huɗu na cusa a ƙarƙashin ƙafar teburina, da ma ya daɗe yana rawa.

Na zauna aikin bayan azahar. Kaina na sarawa, harshena kamar guntun fata, ga kuran, wato wutar lantarki, na ɗaukewa yana dawowa. Na dubi kolon tara na ce a raina, wane mai hankali zai yi aiki sau uku alhali zai iya yi sau ɗaya? Na zaɓe su duka, na danna. Cikin ƙiftawar ido tablon ya zama dogo siriri, ga kolon biyu kamar yadda ta faɗa. Na sunan ya cika da kalmomi masu maimaita kansu, ruwa, gona, dabba, ruwa, gona, dabba, har ƙasa. Ni mai son tsabtar shafi, na gan shi kamar shara. Na goge shi. Na lambar kuwa na rubuta masa “ruwa” a kai, tunda ruwa Shef ke nema. Manhajar ba ta yi mini gardama ba. Ta tattara duk lambar da ta gani a gaban kowane gari, ta zana taswira mai kyau, shuɗi da ja. Na miƙe ina jin kaina kamar wanda ya haƙa rijiya shi kaɗai.

Abin da ban lura ba shi ne wannan. Akwai wani gari a hanyar Tagriss, Tudun Sabara, mutanensa rabi noma rabi kiwo. Inda ruwa ya sauka, tafkuna sun kama ruwa, dabbobi sun watse daji, ba mai zuwa rijiya. A Tudun Sabara kuwa ba ko ɗigo, don haka duk akuya da tunkiya da raƙumin yankin a bakin rijiyarsu suke yini. Iyakar bushewar gari, iyakar yawan dabbobin da aka ƙirga. Ni kuma na zuba su duka a kolon ɗin ruwa. Sauran garuruwan da suka bushe manoma ne masu ƴan dabbobi kaɗan, sun fito ja yadda ya kamata, shi ya sa taswirar ta yi kama da gaskiya. Tudun Sabara kaɗai ta fito shuɗi shar, ta fi kowa.

Shef ya yaba mini. Aka fitar da sunayen garuruwa, aka loda iri, kwana biyu mota na rabo. Da Madam Ramatu ta dawo ta tsaya gaban taswirar da ke manne a bango, ta daɗe tana kallo.

“Malam Mamman, yaushe Tudun Sabara ta zama gulbi?”

Na ce, “Ruwan Allah ne, sai ya nemi izininki kafin ya sauka?”

Ta ce bari ta duba tablon. Na ce aiki ya wuce, iri ya tafi, ta bar bin diddigin manya. Kuran ma ya taimake ni, ya ɗauke yini guda.

Ranar kasuwa asirina ya tashi tonuwa. Da hantsi muka ji gurnanin raƙumi a ƙofar biro. Baba Ilu ne, mai riƙe mana ma'auni a Tudun Sabara, dogon tsoho mai ƙaramar murya da ba ya gaggawar magana. Ya shigo da wani abu naɗe a tsumma.

“Salamu alaikum, masu ruwa.”

Ya je har teburin Shef, ya kwance tsumman. Ma'aunin ne ya tumɓuko ya kawo. Ya kife shi a kan takardun Shef ya bubbuga. Rairayi ya zubo, da saƙar gizo, da wani busasshen buzuzu.

“Ranka shi daɗe, an ce muna takardarku ta ce mun hi kowa ruwa, shi ya sa ba a ba mu iri ba. Na ce to, watakila cikin biro ya sauka. Shi ne na taho in ɗiba.”

Shef bai yi dariya ba. Ya juyo ya ce, “Wa ya haɗa taswirar nan?”

Ga wurin da na fi jin kunyar rubutawa. Da bakina mai azumi na ce, “Shef, ni rajista na sani. Sha'anin ordinatar ai na Madam ne.” Kowace kalma a ciki gaskiya ce, amma dukansu tare ƙarya ne. Shef ya san ni na miƙa masa taswirar, sai dai ya ɗauka ita ta shirya kafin ta tafi. Madam Ramatu ta dube ni, kallo ɗaya, ba fushi a ciki, kamar mai son ta tabbatar da kunnenta. Shef ya yi mata faɗa a gaban tsohon da duk wanda ke wurin. Abin da ta ce kawai, “Za a gyara, Shef.”

Ta zauna, ta buɗe tablon asali, ba ta daɗe ba ta ɗago.

“Shef, an haɗa musu awakinsu da ruwansu.”

Sai Baba Ilu ya fara dariya, a hankali, har ta ci ƙarfinsa ya dafa bango, rawaninsa ya zame.

“Ashe awakinmu ne suka zuba! To Madam, don Allah a mai da su sama su sauko muna, ko rabinsu ne!”

Kafin azahar labarin ya zaga kasuwa, daga masu goro har turakun shanu. Kafin la'asar suna ya fito: Madam Ruwan Awaki.

Ita kuwa ta juya ukun ruwa su kaɗai, ta juya na gonaki, ta juya na dabbobi, ta haɗa. Sabuwar taswira ta fito, Tudun Sabara ja wur kamar garwashi. Da ta gama sai ta sunkuya, ta ɗaga ƙafar teburina, ta zaro takardarta. Ta warware ta, ta shafa da tafin hannu, ta sa a jaka. Teburin ya koma rawarsa.

Gyaran takarda bai cika buhu ba. Abin da ya rage a magaza, ɗakin ajiyarmu, buhu biyu ne, ba za su isa rabin garin ba. Madam Ramatu ta kama waya tana kiran masu ma'auninmu na wajen Birnin Lalle da Bader Goula, inda ruwa ya dawo shukar farko ta farfaɗo, tana roƙon duk wanda bai zuba irin da aka ba shi ba ya taimaka. Aka yi ta kawowa, wannan tiya biyu, wancan rabin ƙwarya, a kan amalanke, a bayan keke.

Ni kuma ranar nan na kurɓi kunun buɗa-baki sau ɗaya na aje. Zuwaira ta lura. Na gaya mata komai, ita kaɗai.

Ta ce, “Ka gaya wa Shef?”

Na ce, “Da sannu.”

Ta aje ludayi, ta ɗauko turmi ta kife, ta hau, ta kwanto sauran zangarniyar nan da ko kallo ba ta bari a yi mata. Ta aje a gabana.

“Wannan na mutanen Tudun Sabara ne. Na Madam kuwa yana cikin bakinka, ba ya cikin rumbuna.”

Washegari muka tafi, ni da Madam da direba, a motar biro kat-kat cike da buhuna da ƙullin tsummoki. A kwarin Tarka rairayi ya riƙe mu sau biyu. Muka sauka muna turi da azumi a baki, tana gaba ina baya, tana cewa, “Tura, Bagobiri, ina jarumtar da ake ba mu labari?” Na sa kafaɗa na ci gaba da turi.

Tudun Sabara ta yi fari fat. Bakin rijiya kuwa ba masaka tsinke, ƙura da kukan dabbobi da ƙarar guga. Na tsaya ina kallon ruwan saman da na rubuta yana tafiya da ƙafa huɗu. Dattawa suka zauna suka yanke shawara: ba za a jira ba, za a sake binne, kuma gayya za a yi, gona bayan gona, don a gama kafin rana ta kashe mutane.

Ana sallame asuba aka fita. Maza a jere da sungumi, sara ɗaya taki ɗaya, mata na biye da ƙorai, a jefa iri a rufe da diddige. Madam Ramatu ta cire takalmi ta ci ɗamara ta shiga layi. Matan garin suka yi ta yi mata dariya wai tana ƙirga ƙwayar gero kamar za ta shigar a ordinatar. Wata tsohuwa ta kama hannunta ta nuna mata yadda yatsu uku ke ɗibar daidai ba tare da an duba ba. Ni aka ba ni sungumi, kafin hantsi tafina ya yi bororo biyu, na ɓoye. Da rana ta take sai kowa ya zube ƙarƙashin aduwa, ba mai iya magana, sai ƙudaje. La'asar ta yi a sake tashi.

A yini na biyu, muna gonar ƙarshe, iska ta juya. Gabas ta yi baƙi ƙirin. Aka ji sanyi ya bugi zufar baya, sannan ɗigo na farko ya faɗi a ƙasa da ƙara kamar an jefa tsakuwa. Ba wanda ya gudu. Mutane suka tsaya cikin gona, hannuwa a buɗe, ruwa na dukansu. Baba Ilu ya ƙwala mini kira daga nesa, “Malam Mamman, rufe bakinka, azumi!” Dabbobin rijiya suka watse da gudu suna bin kududdufai, cikin ɗan lokaci bakin rijiyar ya zama fili.

Da ruwan ya tsagaita tsohon ya je ya ciro ma'auninsa da ya mayar wurinsa, ya kawo wa Madam da hannu biyu.

“Madam, duba da kyau ki rubuta. Na tace shi, babu akuya ciki.”

Ta yi dariya har da hawaye. Muka yi buɗa-baki a zauren mai gari da fura da madarar akuya mai ɗumi, kwaɗi na ta kuka a waje, tufafinmu na ɗiga. Tana zaune nesa kaɗan da matan gidan, kowa ransa fari. Da na buɗe baki a lokacin, da an yi dariya an wuce. Na buɗe kuwa. Abin da ya fito shi ne, “Bazabarma, yau kin ga noma, ba tsinkar ganye ba.”

Geron ya yi. Ba wata babbar kaka ba ce, amma rumbuna sun samu abin rufe gindinsu, ba wanda ya bar gari. Baba Ilu ya aiko da dami biyu biro, ɗaya na kowa, ɗaya an ce a ba Madam Ruwan Awaki hannu da hannu.

Sunan ya zauna. Aka mai da ita Maradi, ya bi ta. Aka kai ta Tahoua, wani direba ya kai shi can. In ta zo Dakoro muka gamu, sai in tare ta da wasa tun daga nesa don kada a sami shirun da magana za ta shiga. An yi wasan Bagobiri da Bazabarme ne don a faɗi gaskiya mai ɗaci ba tare da faɗa ba. Ni na mai da shi bargo na lulluɓe ƙarya. Zuwaira kuwa duk shekara in ta hau turmi za ta rataye sabon iri, sai ta waiwayo ta ce, “Malam, har yanzu yana cikin bakin?”

Yanzu abubuwa sun sauya. Azumi ya ja baya ya bar damina. Masu ma'auni ba sa aiko takarda a hannun direban kasuwa, ta waya suke turawa. Ni na aje aiki, rajistocina na cikin kabad suna cin ƙura, amma an ba ni ma'auni ɗaya na kafa a gonata, na zama ɗaya daga cikin masu aikowa. Madam Ramatu kuma ta dawo Dakoro bara, ita ce shef ɗin biron.

Da ruwan bana ya ɗauke, ta kira taron masu ma'auni a ƙarƙashin iccen bedin ƙofar biro, don a san inda shuka ta ƙone. Mun fi talatin a kan tabarmi. Baba Ilu ma ya zo, ya tsufa ƙwarai, a bayan babur aka kawo shi, raƙumi ya fi ƙarfinsa. Tana bayani ga sababbin ma'aikata yadda ake juya tablo, sai ta buɗe jaka ta fito da wata tsohuwar takarda da ta yi ja, da alamar linki huɗu da wani zagayayyen tabo a tsakiya. Na gane tabon. Ƙafar teburina ce.

Ta ce, “Ukun ruwa su kaɗai. Ukun gonaki su kaɗai. A biron nan an taɓa haɗa su, kun san abin da ya faru.”

Taro ya amsa baki ɗaya, “Ruwan Awaki!” Aka fashe da dariya, ita ma tana yi. A lokacin na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba. Ba ta ce “na taɓa” ba. Ba ta kuma ce “wane ya taɓa” ba. Shekara goma da ɗoriya ta bar wurin sunan a buɗe, ba ta cika shi da ƙarya ba, ba ta cika shi da ni ba.

Gwiwoyina suka yi ƙara da na miƙe. Ta ce, “Bagobiri, lafiya? Ko kunama ce?” Wasa ya zo mini har bakin leɓe, mai kyau kuwa. Na haɗiye shi. Na cire hulata, na juya yadda Baba Ilu zai ji da kunnensa mai kyau, na ce:

“Jama'a, takardar nan ni aka rubuta wa, ni na sa ta ƙarƙashin tebur. Ni na juya kolon tara gaba ɗaya, ni na goge sunayensu, ni na mai da awakin Tudun Sabara ruwan sama. Da aka tambaya na tura wa wadda ba ta ma cikin gari. Baba Ilu, kwanakin da shukarku ta yi jinkiri, ni ne, ku yafe mini. Madam Ramatu, ba da wasa nake ba yau. Na zalunce ki, kin rufa mini asiri ban cancanta ba. Ki yafe mini don Allah. Sunan nan kuma nawa ne, ki ba ni abina.”